Sharhi Kan Ajin Koyon Gashin Kukis ɗin Ots da Zabibi da Na Halarta a Kano

Mahaifiyata ta haura shekara saba'in, kuma haƙoranta sun daina ɗaukar cincin da dubulan da sauran kayan garar da ta shafe rayuwarta tana yi wa 'ya'yan dangi duk lokacin da biki ya tashi. Har yanzu tana son ta sami abin da za ta haɗa da shayinta bayan la'asar, sai dai kusan duk biskit ɗin da ake sayarwa a kanti yana da tauri, idan kuma aka tsoma shi a shayi sai ya narke ya zama kunu. Wata rana ƙanwata ta dawo daga tafiya da tsarabar kukis ɗin ots da zabibi, wani irin biskit mai taushi da ɗan danƙo a tsakiya, Umma ta ci guda biyu a zama ɗaya, ta kuma tambaya ko da saura. Tun daga ranar na ƙudurta cewa sai na iya yin irinsa a gida. Na shafe kusan wata uku ina gwadawa da abin da nake gani a intanet, amma sakamakon bai wuce biyu ba: ko dai kwaɓin ya baje a faranti ya haɗe ya zama fai-fai guda, ko kuma ya fito da kyau a ido, amma kafin wayewar gari ya bushe ya yi tauri. Wannan ne ya sa na biya kuɗi na shiga ajin yini ɗaya da wata mai sana'ar gashi take gudanarwa a gidanta, a wata unguwa da ke kusa da Titin Gidan Zoo, kuma shi ne ajin da nake son in yi sharhi a kansa.

Ajin na mata ne zalla, ana yin sa ranar Asabar, daga hantsi zuwa bayan la'asar, kuma kuɗin rajista ya haɗa da kayan haɗi da abincin rana da abin da kowace ɗaliba za ta tafi da shi gida daga abin da aka gasa. Ba shi da arha, domin abin da na biya ya kusa kai kuɗin cika tukunyar gas ɗin gidanmu. Mai koyarwar, wadda duk muke kira Malama, mace ce mai matsakaicin shekaru da ta daɗe tana yi wa mutane kek da kayan fulawa na biki da suna, kuma tun a gaisuwar farko na lura cewa ba ta da gaggawa a magana.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba, shi ne ba ta fara da karanto mana adadin kayan haɗi ba. Ta jera kayan a kan teburi, ta ɗauki kowanne ta bayyana aikin da yake yi a cikin kwaɓi, ta kuma danganta bayanin da yanayin garin nan da irin kayan da ake samu a kasuwanninmu. Ta fara da ots, wanda yawancinmu muke kira kweka saboda sunan kamfanin Quaker na Amurka, da aka kafa a 1901, wanda gwangwaninsa ya daɗe a kantunanmu har sunansa ya zama sunan abin. Hatsi ne na ƙasashe masu sanyi, Rasha da Kanada na cikin manyan masu noma shi, shi ya sa ba a ganin sa a gonakinmu kusa da gero da dawa. Ta zuba iri biyu a tafin hannunta. Ɗaya mai faɗin ƙwaya ne, wanda aka turara aka danne shi ya baje bai karye ba, ɗayan kuma mai saurin dahuwa ne, wanda aka yayyanka kafin a danne shi, ya fi laushi da ƙanƙanta, kuma shi ne aka fi samu a gidajenmu domin kunun safe. Ta ce mai faɗin ne yake ba da danƙon da ake nema, saboda yana riƙe siffarsa a cikin wuta, shi kuwa mai saurin dahuwa yana shan ruwan kwaɓi da wuri, sai kukis ya fito kamar kek, kuma ya fi saurin bushewa. A nan na gane kuskurena na farko, domin duk gwajin da na yi da na kunun safe na yi shi. Ba ta ce a jefar da shi ba. Ta ce wadda ba ta sami mai faɗin ba ta rage fulawa da kamar cokali biyu, ta kuma rage lokacin gashi kaɗan.

Daga nan ta koma kan sukari, kuma a nan ne ta fi daɗewa, ni ma a nan zan daɗe. Duk rubuce-rubucen da na karanta suna cewa a yi amfani da sukari mai ruwan ƙasa, ni kuma da ban same shi a kantin unguwarmu ba sai na riƙa zuba fari zalla, ina ganin ai zaƙi duk zaƙi ne. Malama ta bayyana mana cewa sukari mai ruwan ƙasa farin sukari ne da ke ɗauke da baƙin ruwan rake mai kauri da ake warewa a wajen tacewa, kimanin kashi 3.5 cikin 100 a mai haske, da kimanin kashi 6.5 a mai duhu. Wannan baƙin ruwa yana jawo laima yana riƙe ta, shi ne yake hana kukis bushewa, sannan yana da ɗan tsami, wanda shi ne yake tayar da bekin soda ta yi aikinta. Farin sukari kuwa yana sa kwaɓi ya baje, gefe ya yi ƙaras-ƙaras. Saboda haka ake haɗa biyun, amma mai ruwan ƙasa ya rinjaya. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, to ai shi wannan sukarin sai manyan kantuna, kuma tsadarsa ta yi yawa." Sai Malama ta buɗe wata roba ta fito da dunƙulen mazarƙwaila, ta ce, "Hajiya, ga namu na gida, wanda iyayenmu suka sani tun kafin a kawo na kwali."

Gaskiya ne kuwa. Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka matse aka dafa har ya daskare, ba tare da an cire mata wannan baƙin ruwan ba, kuma ana yin ta da yawa a yankunan da ake noman rake kamar Maƙarfi a Jihar Kaduna. Ta nuna mana yadda ake goge ta a magogi mai ƙananan ƙofofi, a murje ta da hannu, a tsince duk wani ɓawon rake ko tsakuwa da ya maƙale, domin ba kowace ce ake samu da tsabta ba, kuma ta gargaɗe mu mu ɗanɗana kafin mu saya, saboda wadda ta ƙone a wajen dahuwa tana da ɗaci. Mun gasa faranti ɗaya da sukarin kwali, ɗaya da mazarƙwaila, aka ajiye su gefe da gefe. Na mazarƙwailar ya fi duhu, ƙamshinsa ya fi ƙarfi, kuma a bakina ya fi dacewa da kirfa da zabibi. Wasu daga cikin ɗalibai sun fi son na kwalin saboda launinsa ya fi haske, kuma Malama ba ta tilasta wa kowa ra'ayinta ba. A ganina wannan darasi shi kaɗai ya isa a yi tattaki dominsa, domin ya mayar da abin da nake ɗauka na 'yan gayu ya zama abin da mace za ta iya haɗawa da cefanen Kasuwar Rimi.

Batun bota ma ta yi shi da la'akari da zafin Kano. Bota ta gaskiya, wadda ake yi daga madarar shanu, kimanin kashi 80 cikin 100 nata mai ne, sauran yawanci ruwa, kuma tana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 32 zuwa 35. Masu rubuta girke-girke a Turai da Amurka suna cewa a bar ta ta yi laushi a zafin ɗaki, amma ɗakin da suke nufi zafinsa wajen digiri 20 ne, alhali a nan, a watan Afrilu da Mayu, zafin rana yana kaiwa digiri 40. Wadda ta bar bota a kan teburi na awa guda a irin wannan lokaci, mai za ta tarar, kuma kwaɓin da aka yi da narkakkiyar bota shi ne yake bajewa a faranti. Ta koya mana a fito da ita daga firji minti goma ko sha biyar kawai kafin aiki, a danna da yatsa, idan ta lotsa ba tare da ta yi ƙyalli ba to ta yi daidai. Ta kuma bambance mana tsakaninta da botar leda da ta roba da ake yi daga man tsirrai, wadda mu duka muke kira bota, ta ce ita ma tana yi, musamman mai tauri ta gashi, amma wadda ake shafa wa burodi ruwanta ya yi yawa. Na tambaye ta game da man shanu, ta ce ɗanye yana da tsamin nono da zai rinjayi sauran kayan, soyayye kuma ba shi da ruwa ko kaɗan, don haka sai an ƙara cokali ɗaya na madara.

A kan zabibi ba ta yi dogon bayani ba, amma abin da ta faɗa ya yi amfani. Busasshen inabi ne, kuma idan ya daɗe a hannun mai talla, musamman da hunturu, sai ya ƙara bushewa, ya shiga kwaɓi yana zuƙe laimar da ake so kukis ya riƙe, waɗanda suka fito sama kuma su ƙone su yi ɗaci. Maganin shi ne a wanke shi, a jiƙa a ruwan ɗumi minti goma, a tsane a kan tsumma mai tsabta har ya daina ɗiga. Ta ja hankalinmu cewa wasu girke-girken waje suna cewa a jiƙa shi a giya, kuma ruwan banila na asali da ake shigowa da shi yana ɗauke da barasa, domin dokar Amurka ta tanadi aƙalla kashi 35 cikin 100, saboda haka a duba jikin kwalba, ko a yi amfani da na gari. Na ji daɗin wannan tunatarwa, domin abu ne da mutum zai iya saya bai sani ba. Ta kuma faɗa ƙarara cewa kada sunan ots ya ruɗi kowa ya ɗauka wannan abincin masu ciwon sukari ne, domin fiye da rabin nauyin zabibi sukari ne, ga kuma wanda aka zuba a kwaɓi.

Sai awo. Malama ba ta yarda da gwangwanin madara ba, duk da cewa da shi yawancinmu muka taso muna auna fulawar cincin da fanke, domin bai kai kofin awo na mililita 240 da ake nufi a rubuce ba, sannan ko da kofin ne, wadda ta danna fulawa da wadda ta zuba sama-sama ba za su sami nauyi ɗaya ba. Ƙaramin sikeli take amfani da shi. Adadin da ta ba mu shi ne bota giram 115, sukari mai ruwan ƙasa ko mazarƙwaila giram 100, farin sukari giram 50, ƙwai ɗaya da ƙarin gwaiduwa ɗaya, fulawa giram 100, ots giram 140, zabibi giram 110, sai rabin ƙaramin cokali na bekin soda, rabin na kirfa, da ɗan gishiri. Ana buga bota da sukari minti biyu zuwa uku har su haɗe su yi haske, a saka ƙwai, sannan a zuba fulawar da aka tankaɗe tare da soda da kirfa da gishiri, a juya da muciya har farin fulawa ya ɓace, a tsaya nan. Yawan juyawa yana tayar da danƙon alkama, irin wanda ake nema a gurasa da burodi, amma a nan tauri yake kawowa. Ots da zabibi su ne na ƙarshe. Ta jaddada cewa bekin soda daban take da bakar hoda, wato hodar da ake sa wa kek ya tashi, kuma idan aka musanya su kukis zai kumbura ya yi fari kamar kek. Bayan an gama ana rufe kwaɓin a saka a firji aƙalla minti talatin, domin botar ta sake daskarewa, ots ɗin kuma ya sha laima.

Wurin da na fi ƙaruwa bayan batun sukari shi ne bakin obin. Ana gashi a digiri 175, na minti goma zuwa sha biyu, kuma ta rataya ƙaramin ma'aunin zafi a ciki ta nuna mana cewa lambar da ke jikin maɓalli da zafin da ke ciki ba koyaushe suke daidaita ba. Da minti goma sha ɗaya suka cika ta jawo farantin, gefen kukis ya yi ja, amma tsakiyarsa tana ƙyalli kamar ba ta nuna ba. Na ce, "Malama, ai wannan bai gasu ba, a mayar da shi." Ta ce, "Maman yara, ki bar shi a kan farantin minti biyar, zafin ƙarfen ne zai ƙarasa shi. Wanda ya yi miki kama da gasasshe a cikin obin, gobe sai an jiƙa shi." Haka kuwa aka yi. Bayan minti biyar tsakiyar ta zauna, da na karya guda ya lanƙwashe kafin ya rabu biyu, zabibin ya kumbura, ga ƙamshin kirfa ya cika falon. Wata uku na yi ina barin nawa har sai tsakiya ta bushe, domin haka muka saba da kek, a soka tsinke a ga ya fito fes.

Duk da wannan yabo, akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ta san su. An ce mana ƙarfe goma za a fara, amma sai da sha ɗaya ta wuce ana jiran waɗanda suka makara, kuma wannan jinkiri ya ci lokacin tambayoyi a ƙarshe. Mu goma sha huɗu ne a wurin da bai kamata ya ɗauki fiye da takwas ba, ga sikeli biyu kacal, don haka aka raba mu rukuni-rukuni, kuma na ga mata biyu da har aka tashi ba su taɓa kwaɓi da hannunsu ba. A ajin da aka biya kuɗi domin koyon aikin hannu, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne alkawarin da aka yi a sanarwa cewa za a nuna yadda ake gashi ba tare da obin ba, a tukunya da yashi a kan gas ko gawayi. Aƙalla mata biyar saboda wannan suka zo, domin ba su da obin, wasu kuma suna da na lantarki amma wuta ba ta tsayawa a unguwanninsu. Da lokaci ya ƙure sai aka yi bayanin da baki cikin minti biyar, aka ce za a turo hoton bidiyo ta WhatsApp, kuma sai bayan mako biyu ya iso. Takardar da aka raba mana ma da Turanci kawai aka rubuta ta, alhali da Hausa aka yi darasin gaba ɗaya, kuma akwai dattijuwa a cikinmu da ta ce sai dai jikarta ta karanta mata. Sannan ots mai faɗi da zabibin da ake sayarwa a ƙofar fita sun fi na Kasuwar Sabon Gari tsada sosai, kuma da an faɗa wa ɗalibai inda za su samu da sauƙi da ya fi kyau.

Ma'aunin kowane aji dai shi ne abin da ya faru bayan an koma gida. Na yi kwaɓin sau shida tun daga lokacin, a obin ɗin gas ɗinmu wanda wutarsa daga ƙasa take, kuma sau biyar ya fito yadda nake so. Na farkon ƙasansa ya ƙone, sai na tuna ta ce a ɗora faranti a kan wani farantin, a kuma ɗaga shi zuwa hawa na sama, kuma tun da na yi haka bai sake ba. Na gwada tukunya da yashi domin in ga ko maƙwabciyata za ta iya, na zuba yashi mai tsabta, na ɗora murfin ƙarfe a kai, na bar tukunyar ta yi zafi minti goma a rufe kafin in saka faranti. Ya ɗauki kusan minti goma sha takwas, samansa bai yi ja sosai ba, amma taushin yana nan. Shawararta ta ajiya ma ta yi aiki da hunturu, lokacin da iska take busar da komai: a bari ya huce gaba ɗaya, a zuba a roba mai murfin da iska ba ta shiga, a jefa yankan burodi guda a ciki, burodin ya bushe, kukis ya ci gaba da taushi har kwana huɗu. Ragowar kwaɓin kuma nakan mulmula shi in daskarar, in gasa guda shida duk lokacin da ake bukata.

Wadda ta riga ta iya kek da cincin, take neman ta fahimci dalilin da ya sa kwaɓi yake yin abin da yake yi, za ta ƙaru a wannan aji ƙwarai, kuma ina ba ta shawara ta je da wuri, ta zauna kusa da sikeli, ta tafi da littafin rubutu. Wadda ba ta da obin kuwa, ta tambaya tun kafin ta biya ko za a kunna tukunyar yashin a gabanta, ta kuma tambayi adadin ɗaliban da aka ɗauka a ranar. Na aika wa Malama waɗannan ƙorafe-ƙorafe kai tsaye, ta amsa cikin mutunci, ta ce za ta rage yawan ɗalibai a zama na gaba, ta kuma sa a mayar da takardar zuwa Hausa. A gida kuma na rage farin sukarin zuwa giram 30 saboda Umma ta ce zaƙin ya ɗan yi mata yawa, na ƙara ɗan garin citta a kan kirfar kamar yadda ta nema, kuma yanzu duk ranar Alhamis nake gasa mata na mako, ta ajiye robar a gefen gadonta kusa da fulas ɗin shayi.